Indiya da Pakistan: nukiliya ce ta hana su babban yaƙi ko ita ke ƙara musu ƙarfin hali?

Abu Yasir:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da take damuna tun rikicin watan Mayun 2025 tsakanin Indiya da Pakistan, ina so masu sani su tofa albarkacin bakinsu. Kullum abin da ake gaya mana shi ne wai makamin nukiliya yana hana yaƙi, kar ta san kar ce, kowa na shakkar ɗan uwansa saboda haka ba mai taɓa wani. To amma ga ƙasashe biyu kowacce da nata makaman a ajiye, sun kwashe kwana huɗu daga 7 zuwa 10 ga Mayu suna harba wa juna makamai masu linzami da jirage marasa matuƙi, har sansanonin sojin sama aka kai wa hari. In wannan ba yaƙi ba ne to mene ne sunansa?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Faɗa ne kam, ba mai musu, amma ka auna shi da abin da suka saba yi kafin su mallaki makamin. Daga rabuwarsu a 1947 zuwa 1971 manyan yaƙe-yaƙe uku suka gwabza, na 1947 zuwa 1948 a kan Kashmir, yankin da kowaccensu ke cewa nata ne, na 1965, sai na 1971 wanda aka raba Pakistan gida biyu aka samu Bangladesh, mutum kusan dubu 90 na ɓangaren Pakistan suka miƙa wuya aka riƙe su fursunonin yaƙi. To tun da suka yi gwajin nukiliya a watan Mayun 1998 ka ƙara ganin tankoki sun tsallaka iyaka a Punjab? Bayan harin da aka kai majalisar dokokin Indiya a Disambar 2001, Indiya ta kwaso ɗaruruwan dubban sojoji ta jibge a bakin iyaka, Pakistan ma ta jibge nata, aka yi wata da watanni ana kallon kallo daga ƙarshe kowa ya koma bariki. Me ya hana su in ba tsoron abin da ke ajiye ba? Ni dai ra'ayina makamin yai aikinsa.

Malam Garba:
Injiniya, lissafinka ya tsallake shekara ɗaya mai muhimmanci, 1999. Ka duba yadda abin ya jeru. Indiya tai gwajinta a Pokhran ranakun 11 da 13 ga Mayu 1998, Pakistan ta mayar da martani a tsaunukan Chagai ranar 28, sannan a hamadar Kharan ranar 30 ga watan. A Fabrairun 1999 firaministan Indiya Vajpayee ya hau motar bas ya tafi Lahore, suka rattaba hannu kan sanarwar zaman lafiya shi da firaministan Pakistan Nawaz Sharif, duniya ta ɗauka an gama. Ashe a daidai wannan lokacin dakarun Pakistan na can suna hawa tsaunukan Kargil a ɓangaren Kashmir da Indiya ke riƙe da shi, Musharraf ne hafsan sojin ƙasa na Pakistan. Aka yi sama da wata biyu ana gwabzawa, ɗaruruwan sojoji suka mutu a kowane ɓangare, sai da Nawaz Sharif ya je Washington wajen shugaban Amurka Clinton ranar 4 ga Yuli sannan aka janye. Shekara ɗaya fa tal bayan gwajin.

Abin da nake so ku lura da shi, ba duk da makamin aka yi Kargil ba, saboda shi aka yi. Waɗanda suka tsara abin sun ƙwallafa rai cewa Indiya ba za ta iya faɗaɗa yaƙin ba tunda yanzu akwai nukiliya. Wato makamin ya toshe babbar ƙofa amma ya buɗe ƙananan tagogi, kowa na ganin zai iya tsokana ya koma ya fake a bayansa.

Kuma tsokanar kullum ƙara hawa take. A 2008 an kashe mutum 166 a Mumbai, Indiya ba ta kai hari ba. A 2016 bayan harin da aka kai sansanin sojinta na Uri a Kashmir ta ce ta tura dakaru na musamman sun ƙetara layin da ya raba Kashmir. A 2019 bayan harin Pulwama a Kashmir inda aka kashe jami'an tsaro 40, jiragen yaƙi ta tura har Balakot, cikin ainihin ƙasar Pakistan ba Kashmir ba, washegari Pakistan ta kakkaɓo jirgi ta kama matuƙinsa. A 2025 bayan kisan mutum 26 a Pahalgam da ke ɓangaren Kashmir na Indiya, sai ga makamai sun sauka a Bahawalpur da Muridke cikin lardin Punjab, daga baya har sansanin Nur Khan a Rawalpindi, garin da hedikwatar sojin Pakistan take. Duk karo sai an wuce inda aka tsaya a baya. Wannan shi ke hana ni natsuwa da batun kar ta san kar.

Sadiƙu:
Malam duk da haka ai Pakistan ta nuna musu ruwa ba sa'an kwando ba ne. Indiya da take taƙama da jiragen Rafale na Faransa, sai gashi Pakistan ta kakkaɓo mata jirage da nata J-10 ƙirar Chaina. Ni wallahi ina bayan Pakistan ɗari bisa ɗari, ita kaɗai ce ƙasar musulmi mai nukiliya a duk duniya, da ba don makamin nan ba da tuni Indiya ta murƙushe ta.

Malam Garba:
Sadiƙu ɗana, batun jirage, Pakistan ce ta faɗi adadinta, Indiya kuma daga baya babban hafsan tsaronta ya amsa cewa sun yi asarar jirage amma bai faɗi nawa ba. Ita ma Indiya ta fito da hotunan tauraron ɗan adam na ɓarnar da tai a sansanonin Pakistan. Kare jini biri jini aka yi, shi ya sa kowa ya koma gida yana bikin nasara, Pakistan ma har ƙarin girma tai wa hafsan sojin ƙasanta Asim Munir zuwa Fil Mashal. Kuma wannan bikin na ɓangare biyu shi ne abin tsoro, don wanda ya yarda ya ci nasara ba ya jin shakkar sake gwadawa.

Maganar addini kuwa ina roƙonka kai hattara da ita. Musulmin da ke cikin Indiya sun kai wajen miliyan 200, kusan yawan na Pakistan ɗin. In aka jefa makami a Delhi ko Mumbai ko Hyderabad su waye a ciki? Abdul Kalam da ya jagoranci shirin makamai masu linzami na Indiya, yana cikin manyan gwajin 1998, musulmi ne, har shugaban ƙasa ya zama. Sannan a 1971 waɗanda sojojin Pakistan suka karkashe a Gabashin Pakistan, wato Bangladesh ta yau, da yawansu musulmi 'yan uwansu ne. Wannan rigima ce ta ƙasa da iko da ruwa da tsohuwar gaba, addini yana ciki amma ba shi ne duka ba.

Ummu Hafsa:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni abin da ke ci min rai duk lokacin da aka tayar da maganar nan sai a koma lissafin jirage da makamai kamar ana maganar ƙwallo, a manta da mutanen da abin ke faɗa wa a ka. A kwana huɗun nan garin Poonch a ɓangaren Indiya ya sha luguden manyan bindigogi, fararen hula suka mutu har da yara, a ɓangaren Pakistan ma haka a Muzaffarabad da Kotli, ƙauyawan bakin layin nan duk sanda 'yan siyasar Delhi da janar-janar na Rawalpindi suka ɓata su ne ke kwasar yara su shige ramukan ɓuya. Kuma su mutanen Kashmir ɗin wa ya taɓa tambayarsu me suke so? Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi maganar ƙuri'ar jin ra'ayi har yau ba a yi ba, kowane ɓangare na ɗora wa ɗayan laifi. A Agustan 2019 gwamnatin Modi ta soke sashe na 370 na kundin tsarin mulkin Indiya da ya ba yankin 'yar gashin kansa, aka yanke musu intanet na tsawon watanni, aka tsare shugabanninsu har da tsofaffin manyan ministocin jihar. Haka su ma 'yan yawon buɗe idon da aka kashe a Pahalgam, mutane ne da suka je hutu da iyalansu, me sukai? Duk wanda ya kashe su azzalumi ne ko wace tuta yake ɗauke da ita. Nukiliya ba ta kare ko ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ba, gwamnatoci ta kare.

Injiniya Bashir:
'Yar uwa ban ƙi taki ba, kuma Malam na karɓi batun Kargil. Amma har yanzu ina nan kan bakana cewa tsoron makamin ne ya sa aka tsaya a kwana huɗu ba a kai wata huɗu ba. Inda nake ganin haɗarin gaske yake ba wai wani shugaba zai tashi da safe ya ce yau zan harba ba ne, a'a, kuskure ne da ƙarancin lokaci. Amurka da Tarayyar Sobiyet teku da nahiya ne tsakaninsu, makami na ɗaukar kusan rabin awa kafin ya iso, akwai ɗan lokacin da za a bincika ko na'ura ce tai ƙarya. Su waɗannan fa katanga ɗaya ce tsakaninsu, daga Lahore zuwa Amritsar bai fi kilomita 50 ba, makami mai linzami 'yan mintoci kawai yake buƙata. Wane janar ne zai yanke hukunci mai kyau a cikin minti biyar da tsakar dare?

Kuma abin ya taɓa faruwa fa. Ranar 9 ga Maris 2022 makamin BrahMos na Indiya ya tashi bisa kuskure, ya shiga sararin samaniyar Pakistan ya faɗi a Mian Channu. Allah ya sa ba kan yaƙi a jikinsa kuma ba wanda ya mutu, sannan lokacin ba a cikin rikici ake ba. Indiya ta ce kuskure ne ta kori hafsoshi uku na sojin sama. To ku ɗauka wannan kuskuren ya faru ranar 9 ga Mayun 2025 maimakon 2022.

Ga wata matsalar kuma. Wasu makaman suna iya ɗaukar kan nukiliya suna iya ɗaukar na gama-gari, wanda ake harbo wa ba shi da hanyar sanin wanne ne ke tafe sai ya sauka. Indiya ta ce manufarta ba za ta fara amfani da nukiliya ba, amma in aka taɓa ta da shi ramuwarta za ta zama mai muni ƙwarai. Pakistan ta ƙi ɗaukar irin wannan alkawarin tunda sojan Indiya ya fi nata yawa da kaya, har ta ƙera ƙaramin makami mai suna Nasr wanda zangonsa bai wuce kilomita 60 zuwa 70 ba, don tare tankokin Indiya in sun shigo. Wato ɗaya na cewa zan yi amfani da ƙarami in ka shigo, ɗayan na cewa ko ƙarami ka harba da babba zan rama. Kowa kuma na zaton ɗan uwansa barazana ce kawai yake yi.

Hajiya Rabi:
Ni 'ya'yana ɓangaren kuɗin nake kallo. Tsohon shugaban Pakistan Zulfikar Ali Bhutto ne ya taɓa cewa in Indiya ta ƙera bam su ma sai sun ƙera ko da ciyawa za su ci, to an ƙera ɗin, talaka kuma shi ya biya. Pakistan kullum tana ƙofar IMF neman bashi, ambaliyar 2022 ta shafi mutum miliyan 33, ga matsalar wuta ga tsadar rayuwa, amma kasafin soja ba ya raguwa. Indiya abin da take kashewa a tsaro ya ninka na Pakistan kusan sau takwas, alhali ita ma tana da miliyoyin yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki. Ku dubi Siachen, tun 1984 sojojin ɓangarorin biyu ke zaune kan ƙanƙara inda ko ciyawa ba ta tsiro, sanyi da zaftarewar dusar ƙanƙara sun kashe mutane fiye da harsashi, a 2012 kaɗai mutum kusan 140 ta binne a sansanin Pakistan na Gayari. 'Ya'yan talakawa ne fa duka, iyaye mata ne suka haife su. Wallahi abin da ciwo.

Sadiƙu:
Hajiya gaskiya ne amma ya za su yi? Indiya ce ta fara gwaji tun 1974, shekara uku bayan ta taimaka an raba ƙasarsu. Ko wace ƙasa ce a matsayin Pakistan sai ta nemi nata. Kuma me ya sa Amurka ta ƙulla yarjejeniyar nukiliyar farar hula da Indiya a 2008 ta bar Pakistan, bayan dukansu ba su sa hannu kan yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman ba? Ai son kai ne ƙarara.

Malam Garba:
A nan kana da gaskiya, 1971 ce uwar shirin Pakistan. Amma in ka tambayi Ba'indiye shi ma zai ce maka Chaina ta doke su a 1962 sannan tai gwajin nata makamin a 1964, ya za su yi? Chaina kuma za ta nuna maka Amurka da Rasha. Shi ya sa abin ya ƙi warwaruwa, ba tsakanin mutum biyu ba ne. Pakistan Indiya take kallo, Indiya kuma ido ɗaya na kan Pakistan ɗaya na kan Chaina. Ƙiyasin cibiyar SIPRI mai bincike kan makamai na 2025 ya ba Indiya kusan 180, Pakistan kusan 170, Chaina kuwa kusan 600 kuma tana ƙarawa da sauri. Duk abin da Indiya ta ƙera don Chaina, kamar makami mai linzami mai dogon zango Agni-5 ko jiragen ƙarƙashin teku, Pakistan za ta ɗauka da ita ake, sai ita ma ta ƙara. Kar ku manta a Yunin 2020 sojojin Indiya da na Chaina sun yi faɗa da sanduna da duwatsu a kwarin Galwan, Indiya ta rasa 20, Chaina daga baya ta amsa 4.

Batun 2008 kuwa akwai son kai tabbas, Amurka na neman Indiya ne don ta tare mata Chaina. Sai dai Pakistan ma ta ba su hujja da hannunta, a 2004 Abdul Qadeer Khan, jigon shirin nukiliyarta, ya fito a talabijin ya amsa cewa ya miƙa fasahar nukiliyar ga wasu ƙasashe, maganar Iran da Libiya da Koriya ta Arewa kenan. Da wannan tabon da wuya wata majalisa a Amurka ta yarda.

Abu Yasir:
Na ƙaru sosai. To Malam batun ruwa fa? Na ga an tsagaita wuta amma Indiya ta ce yarjejeniyar kogin Indus tana nan a jingine.

Malam Garba:
Yauwa, ka zo inda ya fi damuna. Yarjejeniyar nan Nehru na Indiya da Ayub Khan na Pakistan suka sa mata hannu a Karachi a 1960 da shiga tsakanin Bankin Duniya. Koguna shida ne, aka ba Indiya uku na gabas, Ravi da Beas da Sutlej, aka bar wa Pakistan uku na yamma, Indus da Jhelum da Chenab, duk da cewa ta yankin da Indiya ke iko da shi suke biyowa. An yi yaƙin 1965, an yi na 1971, an yi Kargil, ba wanda ya taɓa ta. Sai ranar 23 ga Afrilun 2025, washegarin Pahalgam, Indiya ta ce ta jingine. Pakistan ta ce duk yunƙurin tare ruwan ko karkatar da shi za ta ɗauke shi a matsayin shelar yaƙi. Kuma ba cika baki ba ne, noman Punjab da Sindh, alkama da shinkafa da auduga, kusan duka kan ruwan nan suke. Ƙasa na iya haƙura da an rushe mata sansani, amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 240 ba za ta zauna tana kallo a taɓa abin da take ci ba.

Injiniya Bashir:
Bari in ɗan sanyaya wannan Malam. A aikace Indiya ba ta da inda za ta zuba ruwan ko ta so. Madatsun da take da su a kogunan yamma irin su Baglihar da Salal da Kishanganga na samar da lantarki ne, ruwa na shiga yana fita, ba manyan tafkunan ajiya ba ne. Kafin a gina abin da zai riƙe Chenab da gaske a cikin tsaunukan nan shekaru ne masu yawa da maƙudan kuɗi. Abin da za ta iya yanzu shi ne wasa da lokacin sakin ruwa na 'yan kwanaki, da daina ba da bayanan yawan ruwa kamar yadda yarjejeniya ta tanada, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne ga manomi lokacin shuka ko ga masu gargaɗin ambaliya. Sannan ita kanta Indiya a ƙasan wani take, Indus da Sutlej da Brahmaputra duk daga Tibet suke fitowa, kuma a 2025 Chaina ta fara gina wata gagarumar madatsa a saman Brahmaputra. In ta kafa sunnar cewa na sama na iya yin yadda ya ga dama da na ƙasa, ita ma zai dawo kanta.

Malam Garba:
Duk na yarda, amma ka ga abin da ka faɗa shi ne ya mayar da shi rigimar shekaru masu zuwa. Duk tubalin da aka aza a kan Chenab daga yanzu, Rawalpindi za ta riƙa ƙirga shi, kuma madatsa abu ce da ake iya kai wa hari.

Ummu Hafsa:
To wa zai shiga tsakani? A da Amurka ce, a Kargil ita ce, a 2002 lokacin jibge sojoji a bakin iyaka ita ce. Wannan karon Trump ya riga kowa sanar da tsagaita wuta, Pakistan ta gode masa, Indiya kuma ta ce sam ba ruwan kowa, manyan hafsoshin ayyukan soji na ƙasashen biyu ne sukai waya suka daidaita, don ita tun yarjejeniyar Simla ta 1972 take cewa maganar Kashmir tsakaninsu ce su biyu. In Indiya ta ji haushin yadda aka yi, gobe in wuta ta sake tashi za ta ɗaga wayar ma kuwa? Ga Saudiyya kuma ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Pakistan a Satumbar 2025 cewa hari kan ɗaya hari ne kan duka, alhali tana da hulɗar mai da ciniki sosai da Indiya.

Injiniya Bashir:
Saudiyya a ganina za ta fi amfani a matsayin mai rarrashi, don ba za ta so a tilasta mata zaɓar ɓangare ba. Amma abin da ya fi mai shiga tsakani shi ne ƙananan igiyoyin da suka rage tsakaninsu kada a tsinke su. Akwai yarjejeniyar 1988 ta hana kai hari kan cibiyoyin nukiliyar juna, tun 1992 kowace 1 ga Janairu suna musayar jerin sunayen cibiyoyin ko ana zaman doya da manja. Akwai ta 2005 ta sanar da juna kafin gwajin makamai masu linzami, sai dai ba ta haɗa da irin su BrahMos masu tafiya ƙasa-ƙasa ba, kuma ana amfani da su yanzu. Akwai layin wayar hafsoshin nan da ya yi aiki ranar 10 ga Mayu. Tun 2019 ba su da cikakkun jakadu a biranen juna, ciniki ya tsaya, yanzu wasan kurket ma sai a wata ƙasa. Ni da za a ji tawa, a fara da faɗaɗa ta 2005 ɗin ta ƙunshi kowane irin makami mai linzami, a kuma samar da layin waya kai tsaye tsakanin masu riƙe da ikon nukiliyar, don waɗannan ba sa buƙatar sai an warware Kashmir tukunna.

Sadiƙu:
Injiniya ko da an samar da layin, Modi ya riga ya faɗa bayan tsagaita wuta cewa duk wani harin ta'addanci nan gaba za su mayar da martani kuma ba za su lamunci barazanar nukiliya ba. Kenan 'yan bindiga huɗu ko biyar a wani daji na Kashmir su ke da ikon tayar da yaƙi tsakanin ƙasashen duk ranar da suka ga dama.

Malam Garba:
Haka ne ɗana, kuma nauyin wannan a kan ɓangarorin biyu yake. Dole sojan Pakistan ya raba gari da ƙungiyoyin 'yan bindiga irin su Lashkar-e-Taiba da Jaish-e-Mohammed da gaske ba a takarda ba, ita kuma Indiya ta daina ɗaure kanta da alkawarin harba makami kafin a kammala bincike. A 2025 kwana 15 ne tsakanin Pahalgam da harin farko, Pakistan ta nemi a yi binciken ƙasa da ƙasa, Indiya ta ƙi saboda abin da ya biyo bayan binciken harin Mumbai da na harin sansanin sojin sama na Pathankot inda take ganin an yi mata wasa da hankali. Sai an gyara wannan rashin yardar kafin hari na gaba, ba bayansa ba.